Kaji Masu Shuɗin Ƙwai: Ado Ko Lafiyar Iri?

A ƙasar Chile ta Kudancin Amurka, mutanen ƙabilar Mapuche sun daɗe suna kiwon waɗansu kaji masu yin shuɗin ƙwai. Daga gare su ne aka samo irin da ake kira Arokana, wanda Ƙungiyar Masu Kiwon Kaji ta Amurka ta amince da shi cikin 1976.

Ƙwan kazar nan matsakaici ne, kuma shi ya fi dacewa da kwanci. Wanda ya cika girma sau da yawa gwaiduwa biyu gare shi, da wuya ya ƙyanƙyashe. Ƙarami kuwa ƙaramin tsako yakan bayar.

Amma babbar asarar tana ga tukkun gashin da ke fitowa gefen kunnuwansu. In zakara da kaza duka masu tukku ne, kimanin ɗaya cikin huɗu na 'yan tsakin sukan gāji tukkun ta ɓangare biyu, su mutu tun cikin ƙwai. Saboda haka gwanayen kiwo sukan haɗa mai tukku da marar tukku. Ado ya ragu ke nan, amma tsaki sun tsira.