Kafin Ka Sa Hannu, Ka San Wanda Ya Ɗauke Ka Aiki

A ƙarshen zangon karatun da ya wuce, wani tsohon ɗalibina ya zo gidana da almuru. Bayan mun gaisa, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ina roƙo a ɗaga mini ƙafa a kan kuɗin makarantar yara." Shekara uku ke nan yana tuƙa motar wani banki a garinmu. Ran Jumma'a aka buga masa waya aka ce kada ya zo ran Litinin. Da ya je wurin manaja, manaja ya ce, "Ai kai ba ma'aikacinmu ba ne, sai ka je wurin waɗanda suka kawo ka." Su kuma suka ce banki ne ya soke kwangila, ba yadda za su yi. Na ce ya nuna mini takardar da ya sa wa hannu. Ya ce bai karanta ta ba, ba a kuma ba shi kwafi ba.

Ya mai karatu, irin wannan aiki ya yi yawa a Nijeriya. Masu gadi, da direbobi, da masu shara, har da waɗansu akawuna, ba wurin da suke aiki ne ya ɗauke su ba. Akwai wani kamfani a tsakani, wato dillalin ma'aikata. Mai wurin aiki yakan yi yarjejeniya da dillali, dillali kuma ya yi tasa da kai. Takardu biyu ke nan, amma ɗaya kaɗai ke ɗauke da sunanka. Saboda haka ran da rana ta ɓaci, takardar da ke tsakaninka da dillali ita za a fara dubawa.

Dokar Ƙwadago ta 1974 ba ta yi shiru a kan wannan ba. Sashe na 7 ya ce lalle a ba ma'aikaci takarda kafin ya wuce wata 3 da kama aiki. A ciki za a rubuta sunan wanda ya ɗauke shi, da irin aikin, da albashi da lokacin biyansa, da ranar ƙarewar aiki in na ƙayyadadden lokaci ne, da kuma tsawon notis.

Sashe na 11 kuwa ya tsara notis bisa ga daɗewar mutum a aiki. Wanda bai wuce wata 3 ba, kwana 1. Wanda ya wuce wata 3 amma bai kai shekara 2 ba, mako 1. Daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, mako 2. Daga shekara 5 zuwa sama, wata 1. Notis na mako 1 ko fiye sai a rubuce, ba a kuma lissafa ranar da aka ba da shi. Ana iya biyan kuɗi a maimakon notis. Amma fa doka ta bar wa mai aiki damar korar wanda ya yi babban laifi nan take. Kai ma in za ka bar aiki, notis ɗin nan yana wuyanka.

Sai dai akwai wurin lura. Dokar nan tana magana ne a kan masu aikin hannu da masu aikin akawu. Ba ta haɗa da shugabannin ofis da ƙwararru masu sana'ar ilimi ba. Haka nan mai zaman kansa, kamar mai fassara ko mai gyaran kwamfuta da dillali ke samo wa aiki jefi-jefi, sau da yawa akan ɗauke shi ɗan kwangila ne. Irin wannan mutum, abin da aka rubuta shi ne garkuwarsa.

Tun ran gini ran zane. Kafin ka sa hannu, ka nemi amsar waɗannan abubuwa a cikin takardar.

Na fari, notis ɗin daidai yake ga kowa? Akwai takardun da suke neman wata guda daga gare ka, su kuwa su sallame ka da kwana ɗaya.

Na biyu, in mai wurin aiki ya soke kwangilarsa da dillali, ina makomarka? Za a kai ka wani wuri, ko za a biya ka kuɗin notis?

Na uku, yaushe ake biya? Waɗansu dillalai sukan rubuta cewa sai an biya su za su biya ka. In ka yarda da haka, bashin wani ya hau kan tukunyar gidanka.

Na huɗu, in mai wurin aiki ya ga ƙwazonka yana so ya ɗauke ka kai tsaye, takardar ta hana? In ta hana, har tsawon wata nawa?

Ka tambaya kuma ko dillalin yana da lasisi daga Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, gama doka ta bukaci haka. Kada ka ji kunyar cewa za ka tafi da takardar gida. Ka zauna da matarka, ko mijinki, ko wani wanda ya iya Turanci sosai, ku bi ta layi layi. Bayan sa hannu ka karɓi kwafinka ka adana. In an zalunce ka, akwai ofishin ƙwadago, akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

Ɗalibin nan nawa, da yake ya yi shekara uku, haƙƙinsa notis na mako 2 ne a rubuce. Muka zauna muka rubuta wa dillalin wasiƙa cikin ladabi, muka ambaci sashe na 11. Bayan wata biyu suka biya shi kuɗin mako biyun. Ba su taka kara sun karya ba, amma sun isa kuɗin makarantar ɗiyarsa ta fari. Yanzu wani kamfani ya kira shi, jiya kuma ya kawo mini sabuwar takardar tun bai sa hannu ba.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Yau da dare ka ɗauko taka takardar, ka duba kwana nawa aka rubuta.