'Yan Mata da Aikin Tsaron Intanet

Jama'a, kun dai sani ɓarawon zamanin nan ba ya bukatar tsallake katanga. Yana zaune a wata ƙasa mai nisa sai ya kutsa cikin kwamfutar banki, ko ya yaudari mutum ta wayar hannu ya kwashe masa kuɗi. Masu hana wannan ɓarna su ake kira ma'aikatan tsaron intanet. Aikinsu shi ne toshe kafa, da bin sawun ɓarawo, da koya wa mutane yadda za su tsare asirinsu.

To, ma'aikatan nan ba su wadata ba. A 2023 babbar ƙungiyarsu mai suna ISC2 ta ƙiyasta duniya tana bukatar ƙarin mutum kamar miliyan 4. Duk da haka mata kaɗan ne ke shiga. A 2017 ƙidayar ƙungiyar ta nuna mata 11 ne kawai cikin ma'aikata 100. A 2019, da aka faɗaɗa ƙidayar, lissafin ya kai 24, watau bai cika ɗaya cikin huɗu ba.

Kada wani ya ce aikin ya fi ƙarfin mace. A Yaƙin Duniya na Biyu, a Bletchley Park ta Ingila, inda aka warware saƙonnin asirin sojan Jamus, kusan uku cikin huɗu na ma'aikatan mata ne. A Amurka kuwa, a 1984, mata suka sami 37 cikin 100 na digirin ilmin kwamfuta, amma zuwa 2010 suka koma 18. Ai ba basirarsu ce ta ragu ba. Masana da yawa sun ce dalili shi ne, da kwamfuta ta shiga gidaje, sai aka ɗauke ta abin wasan yara maza.

Ashe giɓin tun daga gida da makaranta yake farawa, kuma can ya kamata a fara gyara. Saboda haka a 2017 gwamnatin Ingila ta buɗe gasar CyberFirst domin 'yan makaranta mata. A Nijeriya ma, a 2021, gidauniyar CyberSafe ta soma shirin CyberGirls, inda ake koya wa 'yan mata wannan sana'a kyauta.

Iyaye da malamai, sauran aiki naku ne. In yarinya ta nuna son lissafi, ku ƙarfafa mata gwiwa, ku ba ta lokacin kwamfuta daidai da ɗan'uwanta. Gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.