Daga Yamai zuwa Jidda: awa nawa ne a cikin jirgi?

Duk lokacin da aikin hajji ya gabato, tambayar da maniyyata ke yawan yi ita ce: awa nawa za mu yi a sama? Tsakanin filin jirgin Diori Hamani na Yamai da na Sarki Abdul'aziz na Jidda akwai kusan kilomita 4,000 idan aka miƙe hanya. Madina ta ɗara da kamar kilomita 100. Babban jirgin fasinja yana gudun wajen kilomita 850 a awa, don haka lissafi ya ba da awa 5 ba kaɗan. A ƙara lokacin tashi da na sauka, ya kai awa 5 zuwa 5 da rabi.

Sai dai miƙaƙƙiyar hanyar ta ratsa Cadi da Sudan ne kafin Bahar Maliya. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan cikin watan Afrilun 2023, jirage da yawa ke kauce wa sararin samaniyarta, kuma kowane zagaye ƙarin lokaci ne da ƙarin mai.

Masu zuwa umra a jiragen yau da kullum nasu ya fi tsawo. Wanda ya bi ta Addis Ababa zai yi kusan kilomita 5,400, wanda ya bi ta Istanbul kusan 6,400, ban da zaman jira a filin jirgi. Kafin arhar tikiti ta ruɗe ka, duba awa nawa za a yada zango, musamman idan da tsoho kake tafe.

Mutumin Damagaram kuwa, idan daga Yamai zai tashi, sai ya yi wajen kilomita 900 a mota zuwa yamma, sannan jirgi ya juyo da shi gabas. Alhali daga garinsu zuwa Jidda kilomita 3,300 ne kacal.

Agogo ma yana rikita mutane. Saudiyya tana gaban Nijar da awa 2, kuma lokacin sauka da ke kan tikiti na can ne. Jirgin da ya tashi ƙarfe 10 na dare ya yi awa 5 da rabi zai sauka ƙarfe 5 da rabi na asuba a agogon Jidda, a Maraɗi kuwa 3 da rabi. Mai shan maganin suga ko na hawan jini ya tambayi likitansa yadda zai daidaita lokacin sha tun yana gida.

Sai batun harami. Wanda jirginsa zai sauka Madina ba ya da gaggawa, a Zul Hulaifa zai ɗaura ranar da zai nufi Makka. Wanda zai sauka Jidda ya wuce Makka kai tsaye, shi ne akasarin malamai ke cewa ya yi niyya a sama idan jirgi ya zo daidai da mikati. A irin wannan gudu, minti 1 kilomita 14 ne. Gara kayan harami su kasance a jikinsa ko a jakar hannu, kada su tafi cikin akwatin da aka auna.