Ƙwarangwal ɗin Maciji a Kan Tebur: Wasa Ne, Ba Tsafi Ba

Hoton bai da daɗin gani: ƙaton maciji mai fuka-fuki, naman jikinsa ya zagwanye, sai ƙasusuwa da idanu masu ƙyalli. Da zarar an gan shi a wayar yaro ko a bangon littafi, sai a yanke hukunci cewa yaron ya shiga ƙungiyar asiri. Wannan jita-jita ta haura shekara 40 tana yawo, kuma abin haushi, masu yaɗa ta ba sa buɗe littafin da suke tsinewa.

Sunan dodon dirakolic, kuma gidansa wasan Dungeons & Dragons ne, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Mutane ne ke zama kewaye da tebur, ɗaya yana jan labari, sauran suna taka rawar jarumai, ana jefa ɗan ludo mai fuska 20 don a san ko sara ya ci.

Ed Greenwood, wani ma'aikacin laburare ɗan Kanada, shi ya gabatar da dirakolic a fitowa ta 110 ta mujallar Dragon a 1986. A labarinsa, wani boka mai suna Sammaster ya kafa ƙungiyar da ta yi imani matattun macizai ne za su mulki duniya. Sai su lallaɓi maciji ya sha guba, ya mutu, kurwarsa ta koma cikin wani dutse mai daraja, gawar ta tashi. Ko an ragargaza ƙasusuwan, muddin dutsen na nan, zai sake shiga gawar wani macijin. Akwai kuma wani mataccen maciji, Dragotha, wanda sunansa ya fara bayyana a gefen taswirar labarin White Plume Mountain a 1979.

To, ina tsafin yake? A littafin dodanni na 2014, abin da ke ƙarƙashin hoton shuɗin dirakolic lissafi ne tsagwaronsa: makin rai 225, ƙarfin sulke 19. Babu surkullen da za a karanta, babu turaren da za a ƙona. Mai wasa ya ce ya kai hari, ya jefa ɗan ludo, ya haɗa lambobi, shi ke nan. Sannan dodon da 'yan ƙungiyarsa su ne miyagun labarin, aikin masu wasa shi ne su gano dutsen su farfasa shi. Ai babu wanda ya taɓa cewa mai ba da labarin Bayajidda yana bauta wa macijin rijiyar Kusugu.

Amurkawa sun riga kowa shan wannan ruɗu, kuma sun ji jiki. A 1979 wani ɗalibi ya ɓace a Jami'ar Jihar Mishigan, jaridu suka yi ta cewa wasan ne ya ja shi cikin ramukan ƙarƙashin makaranta. An same shi da ransa, kuma William Dear, mai binciken da ya fara kawo zancen wasan, ya bayyana a littafinsa na 1984 cewa damuwar yaron daban take. Amma magana zarar bunu ce. A 1982 har fim aka yi, Mazes and Monsters, da Tom Hanks a ciki. Patricia Pulling, wadda ɗanta ya kashe kansa a wannan shekarar, ta ɗora laifin kan wasan, ta kafa ƙungiyar yaƙi da shi a 1983, ta kuma kai ƙara kotu, kotu ta yi watsi da ƙarar. Raɗaɗin uwa abin tausayi ne, amma ba hujja ba ne. Duk da haka kamfanin TSR, mai buga wasan a lokacin, ya tsorata, ya cire sunayen shaiɗanu daga bugun 1989. Iyaye da dama sun ƙwace littattafai, alhali ainihin ciwon da ke cin 'ya'yansu ba a duba shi ba.

Matsalolin gaske ƙanana ne: wasan yana cin lokaci, littattafan suna da tsada.

Saboda haka uban da ya ga irin wannan hoto ya fara da tambaya kafin tsawa. Ya ce wa yaron ya ba shi labarin: wane ne jaruminsa, me suke nema, da su wa yake wasa. Ya karɓi littafin ya duba da idonsa. Akwatin masu farawa an rubuta masa shekara 12 zuwa sama, don haka kada a bar ƙananan yara da hotunan ƙwarangwal da dare. A yanka lokaci, domin zama ɗaya kan kai awa uku ko huɗu, kuma sallah da karatu ba sa jiran a kashe maciji. Idan ta intanet ake yi, wajibi ne a san abokan wasan, don baƙon da ba a sani ba ya fi duk wani dodon takarda haɗari. A kuma bambance wasan tebur da na kwamfuta: Baldur's Gate 3 na 2023, mai mataccen maciji Ansur, na manya ne, ba na yara ba. Idan kuɗi suka shigo ana cin juna, wannan caca ce aka cusa, a hana nan take. Wanda ke da tambayar addini game da ɗan ludo ko hotuna, ya kai wa malami littafin da bayanin yadda ake wasan, ba saƙon WhatsApp da aka turo masa ba. Yaron da ya daina cin abinci, ya ƙaurace wa mutane ko yake ambaton mutuwa kuwa, a kai shi wurin likita a ranar, ko yana wasan ko ba ya yi.