MAZAN JIYA: TAKARDAR LIKITA ITA CE SHAIDARKU

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Dakoro, wannan magana ta shafi mazan jiya da iyalansu. Wanda ya iya karatu ya karanta wa tsofaffin gidansu.

A zamanin mulkin mallaka, Faransa ta ɗebi samari daga ƙasarmu ta sa su aikin soja. Wasu sun yi yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945. Wasu an kai su Indoshin, daga 1946 zuwa 1954. Wasu kuma Aljeriya, daga 1954 zuwa 1962. Da yawa sun komo gida da rauni: wani da ƙarfe cikin ƙafa, wani kunnensa ya toshe, wani da ciwon ƙirji.

Sojan da ya naƙasa wurin aiki yana da haƙƙin kuɗin naƙasa. Amma a watan Disamba na 1959 Faransa ta yi wata doka wadda ta tsayar da kuɗin sojojin ƙasashen da suka samu mulkin kai. Na Bafaranshe yana ƙaruwa, na baƙar fata yana nan wuri ɗaya. Wani tsohon soja ɗan Senegal, Amadu Diop, ya kai ƙara. A 2001 babbar kotun Faransa ta ce shi ke da gaskiya. A 2007 aka daidaita kuɗin naƙasa, a 2011 kuma kuɗin fansho.

To, ta yaya ake yanke kuɗin naƙasa? Likitan da hukuma ta zaɓa shi ke duba mutum. Yana auna naƙasar kamar yadda ake auna hatsi da tiya, ya rubuta kashi kaza cikin 100. Raunin da bai kai kashi 10 ba, ba a biyansa. In awon ya hau, kuɗi su hau. In ciwon ya tsananta daga baya, ana iya neman a sake awo, amma sai ya ƙaru da kashi 10 kafin a ƙara kuɗi.

Likitan hukuma yana ganin mutum rana ɗaya ce tak. Bai san yadda tsoho ke kwana da ciwo ba, bai ga ranar da ya kasa riƙe hauya ba. Don haka ake buƙatar shaidar wani likita dabam. Dokar Faransa ta yarda mai nema ya zo da nasa likita ranar awo, kuma ya kawo takardunsa.

Ga abin da za ku yi.

Da farko, ku tafi asibitin Dakoro. In ana son hoton ƙashi ko awon ido da kunne wanda babu a nan, a nemi takardar zuwa babban asibitin Maraɗi.

Na biyu, ku roƙi likita ya rubuta abu uku: sunan ciwon, aikin da ciwon ya hana, da kuma ko ya ga alamar daga raunin soja ya taso. Ya sa kwanan wata, da hannu, da hatimi. Wannan na ukun shi ne ƙashin bayan magana.

Na uku, ku faɗi gaskiya. Kada ku ɓoye ciwo don kunya, kada ku ƙara gishiri. Likita ba zai rubuta abin da bai gani ba.

Na huɗu, ku adana littafin soja da lambar soja. In gara ta ci su, ana ajiye takardun tsofaffin sojoji a garin Pau na Faransa, ana iya rubuta musu wasiƙa. Kada ku saki takardar asali, ku ba da fotokofi. Ku yi hankali da ƴan kamasho masu cewa su san hanya.

In an ƙi biya, ko an yi awo kaɗan, ba a rufe ƙofa ba. Tun Nuwamba 2019 akwai kwamitin da ke sake duba irin wannan ƙara. Kada a bari wata 6 su wuce. A nan ne takardar likita na biyu ke yin rana.

Mata, ku ma ku saurara. Matar da mijinta ya rasu sanadin raunin soja tana da haƙƙi. Haka ma wadda awon mijinta ya kai kashi 60. Saboda haka, ko cikin zafin rashi, a nemi likita ya rubuta sanadin mutuwa. A haɗa da takardar aure daga ma'aikatar magajin gari.

An rufe ofishin jakadancin Faransa na Yamai a watan Janairu na 2024, abin da ya ƙara wa tafiyar takardu wuya. Ku nemi shawara wurin ƙungiyar mazan jiya da ofishinsu na Yamai. Matambayi ba ya ɓata.

Samarinmu sojojin Nijar da suka ji rauni a Bosso a 2015, ko a Inates a 2019, su ma su ɗauki darasi. Dokarsu dabam ce, amma ko'ina shaida ake tambaya. Ku ajiye takardun asibiti tun yau. Tabo yana nan a jiki, amma ofis takarda yake karantawa.