Riƙe numfashi: yadda ake kare zuciya wajen gashin sankarar mama

Idan aka yi wa mace tiyatar sankarar mama, sau da yawa likita yakan biyo da gashi, wato radiyoterapi, inda na'ura ke harba haske mai ƙarfi don kashe ƙwayoyin cutar da suka saura. Tun da aka buɗe sashen gashi a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa a Yamai a 2021, maganar ta shigo gidajenmu, ya kamata kuwa mu san abin da ke cikinta.

Zuciya tana kwance ne bayan ƙashin ƙirji, ta karkata hagu. Saboda haka, in ciwon a maman hagu yake, hasken yakan shafi gaban zuciya da jijiyar da ke ciyar da ita jini. Ɓarnar ba ta bayyana nan take. Sai bayan shekaru jijiyar ta ƙuntace. Wani bincike da aka buga a 2013, kan mata 2,168 na Suwidin da Danmak da aka yi wa gashi tsakanin 1958 da 2001, ya nuna cewa duk ƙarin girai ɗaya (ma'aunin hasken ke nan) da zuciya ta sha yana ƙara haɗarin ciwonta da kashi 7.4 cikin ɗari. Kada wannan lissafi ya firgita kowa. A misalin binciken, mace mai shekara 50 mai lafiyar zuciya, in zuciyarta ta sha girai 3, yiwuwar ta rasu da ciwon zuciya kafin shekara 80 tana tashi ne daga kashi 1.9 zuwa 2.4. Gudun gashi saboda wannan, alhali sankara na iya dawowa, a ganinmu babbar hasara ce.

Dabarar da ta fi ba mu sha'awa ba ta bukatar ƙwaya ko allura. Majinyaciya takan ja numfashi sosai, ta riƙe shi kamar daƙiƙa 20. Huhu ya cika da iska, ƙirji ya ɗaga, zuciya ta ja baya ta sauka ƙasa, sai a saki hasken a daidai wannan lokaci. Ta saki numfashi, a tsaya, ta huta, a sake. Da wannan kaɗai hasken da ke kaiwa ga zuciya yakan ragu da kusan rabi. Abin yana son sabo, don haka tun kafin ranar ɗaukar hoton sikana, wanda da shi ake tsara gashin, sai ta riƙa gwadawa a gida, a kwance, hannuwa sama da kai, maigida ko ɗiya na ƙirga mata daƙiƙoƙi. Wadda asma ko tari ya hana, akwai cibiyoyin da ke kwantar da mace rubda ciki don maman ya yi nesa da ƙirji.

Ba kowace na'ura ce ke da kayan bin numfashi ba, amma tambaya haƙƙin majinyaciya ce: Malam likita, nawa zuciyata za ta sha, me za a yi a rage? Ta kuma faɗi in tana da hawan jini, ciwon suga, ko akwai mai shan taba a ɗaki, domin haɗarin ya fi nauyi ga mai waɗannan. Haka in an ba ta doxorubicin ko Herceptin, magungunan da su ma suke taɓa zuciya. Akan duba zuciyar da hoton eko kafin a fara da kuma lokacin da ake cikin magani.