Farin Garin Nan na Kan Batir

Mota ta ƙi tashi sai ƙas-ƙas, nan take a ce batir ya mutu. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau, garin da ya taru a kansa ne ya tare wa wuta hanya. Tururin ruwan batir ke haifar da shi: idan ya ci dalma sai ya fito fari, idan ya ci jan ƙarfen maɗaurin waya sai ya yi shuɗi-shuɗi.

Maganinsa na kicin. Ruwan batir asid ne, bekin soda kuwa kashe kaifinsa take yi. A dama cokali guda a kofin ruwa a zuba, sai ka ga kumfa na tashi fuuu, a bi da tsohon buroshi, a ɗauraye, a goge ya bushe. Kanwa ma 'yar gidansu ce, sinadarinsu kusan ɗaya. Amma kada ɗigo ya shiga ramukan batirin, don zai kashe ruwan cikin. Masu zuba lemon kwalba kan bar sukari yana danƙo a wurin.

Duba kawunan biyu da kyau: mai alamar + ya fi ɗan'uwansa kauri. Da gangan aka yi, don kada a juya wayoyin.

Idan za a kwance wayoyin, baƙar waya ake fara cirewa, ita ake mayarwa a ƙarshe. Bodin motar duka haɗe yake da ita. Ka fara da jar waya, sifana ta taɓa ƙarfe, sai tartsatsi, alhali batir na fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta. Nan ne nake jin tsoro idan na ga yaron gareji ya sunkuya da zobe a yatsa.

Bugun kan batir da dutse ko cusa masa ƙusa kuwa, yau zai tayar da mota, amma yana iya tsaga bakin robar batirin, tururi ya ƙaru, garin ya dawo fiye da da.

Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro batirin dalma a 1859. A shekarar ce kuma Robert Chesebrough ya je rijiyoyin man Pennsylvania a Amurka, ya ga maiƙon da ya tace ya zama basilin. Basilin ɗin ake shafa wa kan batir sama-sama bayan an ɗaure waya tamau, don ya hana tururi da laima taɓa ƙarfen. Da an gama a wanke hannu da sabulu kafin a taɓa abinci, garin nan akwai dalma a cikinsa.